Injin Gaskiya da Takalman Mamadu

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, wata mata da ke neman akuyarta ta leƙa kangon da ke bayan gidan sayar da irin shuka na Hajiya Karima a Magariya, ta ga an huda katangar mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, rami wanda ƙato zai iya shiga a durƙushe. Kafin la'asar duk unguwa ta ji. Zahara'u, wadda makullin mangazar ke hannunta, ta zo ta yaye tamfol ta ƙirga, ta ce cikin ɗari da ashirin, buhu arba'in na irin wake babu su.

Ba waken ci ba ne. Iri ne da aka cuɗe da jan maganin ƙwari, an kawo shi daga Damagaram ranar Alhamis saboda manoman Dogo-Dogo da Mallawa, waɗanda suka gama sharar gona suna jiran ruwan farko.

A bakin ramin akwai sawun takalmin taya, shiga da fita, ga kuma jajayen ƙwayoyin wake a warwatse a ƙasa. Duk mai zuwa gidan ya san takalmin, na Mamadu mai gadi ne. Shekara goma sha ɗaya dattijon yana tsaron wannan ƙofa ko allura ba ta ɓace ba, amma a yinin nan sai mutane suka tuna cewa Babarbare ne daga gabas, ba a san asalinsa ba. Masu shayi na bakin titi har sun gama yanke hukunci.

Hajiya Karima ba ta yarda a taɓa shi ba. Ta sa aka rufe kangon da ƙaya, ta ce ba za ta kama mutum da maganar 'yan shayi ba. Ta buga waya Damagaram, ta kira wani mai suna Abdulhadi, wanda ke da na'urar gano ƙarya yana zagaya kamfanoni da ita.

* * *

Asabar da hantsi Abdulhadi ya shimfiɗa kayansa a biro, wato ofishin Hajiya. Ɗamara biyu a ƙirji, abin awon jini a dantse, wayoyi a yatsu, duk sun haɗu a jikin wani allo da ke zana layuka. Ma'aikata suka raɗa masa suna injin gaskiya. Hajiya ta ce ba dole, amma wanda ya ƙi zama ya san abin da za a ce a kansa.

Tambayoyin iri ɗaya ne ga kowa. Sunanka wane? Ranar Juma'a kana inda ya kamata ka kasance? Kai ka fitar da buhuna ta ramin katanga? Ka san wanda ya fitar da su ta nan?

Zahara'u ta shiga, ta fito lafiya. Nassirou, shofer ɗin da ke tuƙa kamiyo, babbar motar kayan kamfanin, ya shiga yana dariya, har yana tambayar ko injin zai faɗa wa matarsa inda yake cin tsire, shi ma ya fito lafiya. 'Yan dako biyu haka. Da aka ɗaura wa Mamadu ɗamara, tun a tambaya ta biyu layukan suka haukace, gumi ya jiƙa masa riga.

"Wannan yana ɓoye wani abu," in ji Abdulhadi.

Hajiya ta juya ga dattijon. "Malam Mamadu, ina ba ka zuwa Litinin. Ka faɗi inda kayan suke, mu rufa wa juna asiri. In ba haka ba, jandarmomi."

Mamadu ya tafi gida ya rufe ƙofa.

'Yarsa Yakura, wadda ke ɗinki a kasuwa, ba ta tsaya kuka ba. Ta hau moto, wato babur, zuwa Yekuwa, wajen Lado mai bin sawu, Bafulatanin da ya yi shekara talatin yana mayar wa mutane da shanunsu da aka kora. Ta same shi yana gyaran igiyar guga. Ya saurare ta har ta gama.

"An yi ruwa a Magariya tun Juma'a?"

"A'a, Baba."

"Iska fa?"

"Ko ganye ba ya motsi."

"To ƙasa tana nan da labarinta. Je ki ba mahaifinki abinci, gobe da asuba ina tafe."

* * *

Lado ya ƙi shiga biro, ya ƙi shan ruwa, ya wuce kangon kai tsaye da sandarsa. Hajiya da Abdulhadi suka bi shi. Bakin ramin duk 'yan kallo sun tattake, don haka ya yi gaba taku ashirin, inda sawun takalmin tayan ya fita shi kaɗai a kan yashi. Ya tsuguna ya daɗe. Ya tsinke kara ya auna zurfin sawu ɗaya, ya matsa ya auna wani, ya sake aunawa. Ya tsinci ƙwayar wake ya shinshina ya yar.

"Can ƙarshen kango akwai sawun amalanke," in ji Hajiya. "Kowa ya ce da ita aka kwashe."

"Zan je in gaishe da mai ita."

Ya bi sawun amalanken a ƙafa, ya fita gari, ya ratsa gonaki, rana tana dukansa. Bayan tafiyar awa ɗaya da rabi sawun ya shiga wani ƙauye, ya tsaya a ƙofar wani mai yin tubali, Muttaƙa. Mutumin ya tsorata da ya ji abin da ya kawo baƙon. Ya rantse tubali ya kai wa maƙwabcin Hajiya ranar Juma'a da safe, ya dawo fanko.

"Kwantar da hankalinka," in ji Lado. "Jakinka ya riga ka faɗa mini. Da zai je yana nishi, da zai dawo yana tsalle. Na zo ne in ga fuskarka don kada gobe wani ya kira sunanka."

Ya sha furar da aka ba shi ya juyo. A gabas hadari ya fara haɗuwa, ya ƙara sauri.

* * *

Ya sami Mamadu a zaune cikin zaure, idanu sun faɗa.

"Kai Babarbare," in ji Lado yana tuɓe takalmi, "ashe bayan bautar da kuke yi mana har sata kuka koya?"

Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari ne, kuma shi ne abu na farko da ya sa dattijon murmushi cikin kwana biyu. "Bafulatani, in ka zo yi mini dariya ne, zauna ka yi."

"Tashi ka taka zuwa randa ka dawo."

Mamadu ya taka. Ƙafarsa ta hagu tana ɗan jan ƙasa.

"Ba kai ka yi sawun nan ba. Amma injin bai yi maka ƙage ba, ka yi ƙarya. Ina kake ranar Juma'a?"

Mamadu ya dubi ƙofar cikin gida, ya rage murya. "Likita na je. Tansiyo gare ni, hawan jini, wata shida ke nan, wani lokaci idona har duhu yake yi. In Hajiya ta ji za ta ce na tsufa da gadi. Ko Yakura ban gaya wa ba. Na bar ƙofa tun ƙarfe goma sha ɗaya, ban dawo ba sai bayan masallaci."

"Takalmin fa?"

"Na aiki ne. A ɗakin gadi nake barinsa in zan shiga gari, in sa na kirki. Da na dawo yana nan inda na aje shi."

"Wa ya san za ka tafi?"

"Mutum ɗaya. Shi ya taimake ni, ya kai ni a motonsa. Ba zan kira sunansa ba, kada alherin da ya yi mini ya ci masa aiki."

Lado bai matsa masa ba. Da ya fito ya tarar da Yakura tsaye a bayan ƙofa, ta ji komai, tana share ido da bakin mayafi.

"Wata shida, Baba. Ni da nake dafa masa abinci da gishiri."

"Wannan faɗan ki aje shi zuwa gobe, 'yata. Yau ki kawo shi gidan iri bayan la'asar."

* * *

Zahara'u tana cikin mangaza tana shara. Lado ya zauna a kan buhu.

"Injin ya tambaye ki labarin Juma'a. Ni na Alhamis nake so. Da kamiyo ya iso, ke kika tsaya aka sauke?"

Tsintsiyar ta tsaya. "Baba, na ci jarrabawar injin."

"Na sani. Ke kika tsaya?"

Ta zauna a ƙasa. Ta ce kamiyon ya yi latti, bai iso ba sai gab da magariba, ita kuma ana ɗaurin ƙunshin ƙanwarta. Nassirou ya ce ta tafi abinta, zai tsaya wa 'yan dako su sauke, ya rufe da tamfol, ya kai mata makulli gida. Haka aka yi. Juma'a ba a buɗe mangaza, ta bari sai Asabar ta ƙirga.

"Ke nan ba ki taɓa ganin buhu ɗari da ashirin ɗin da idonki ba."

"A takarda na gani." Ta fara kuka. "Hajiya za ta kore ni."

"Wataƙila ta yi miki faɗa. Dattijon da ya girmi mahaifinki kuma gobe za a sa masa ankwa. Zaɓi wanda za ki iya kwana da shi."

Daga nan ya zagaya inda aka aje kamiyon, ya kwanta a ƙasa ya leƙa ƙarƙashinsa, ya ɓamɓaro wani abu da wuƙa ya ƙulle a bakin rawani. Abdulhadi yana tsaye yana kallonsa.

"Baba, ni ba gaba nake yi da kai ba. Amma na'urar nan karatu na yi a kanta, ba wasa ba ce."

"Me take gani, ɗana?"

"Bugun zuciya, numfashi, gumi."

"Ɓarawo fa?"

"Ba ta ganin ɓarawo. Tana ganin wanda tambaya ta tayar wa hankali."

"Wa ya ba ka tambayoyin?"

"Ni na rubuta, bisa abin da aka gaya mini ya faru."

"Madalla. Ka zo bayan la'asar, kada ka kawo injin."

* * *

Lado ya sa aka shimfiɗa babbar tabarma a inuwar itacen bedi cikin farfajiyar gidan irin. Shi da kansa ya share yashin da ke gabanta, ya yayyafa masa ruwa, wai don ƙura. Hajiya ta zo, ga Abdulhadi, ga Zahara'u, ga Nassirou da 'yan dakon biyu, sai Mamadu da Yakura a ƙarshe. Kowa ya tuɓe takalmi a nesa ya tako ya zauna. Maƙwabta sun cika bakin ƙofa.

Lado ya kira ɗaya daga cikin 'yan dakon. "Taka daga nan zuwa katanga hannu sake. Yawwa. Yanzu ɗauki buhun can ka dawo."

Mutumin ya yi. Lado ya kira Hajiya ta zo ta duba. Sawun tafiya sama-sama ne, taku mai faɗi. Na dawowa ya nutse, takun ya gajarce, yatsu sun kafe cikin yashi.

"Hajiya, a bayan katangarki mutum ɗaya ya yi kai-komo sau shida. Na auna kowane sawu. Na shiga da na fita zurfinsu ɗaya. Ko tulu bai ɗauka ba, balle buhu arba'in. Waken da kuka gani a ƙasa ba daga hudar buhu ya zubo ba, da hannu aka watsa shi. Babu abin da ya fita ta ramin nan."



"To ina kayana?" in ji Hajiya.

"Ba su taɓa shiga mangazarki ba."

Ya dubi Zahara'u. Ta miƙe, ta faɗi abin da ya faru ranar Alhamis ba ta rage komai ba. Abdulhadi ya dafe kai.

"Na tambaye su ko sun fitar da kaya ta rami," ya ce a hankali. "Duk wanda ya ce a'a gaskiya ya faɗa."

Nassirou ya yi dariya, irin wadda ya yi a gaban injin. "Baba Lado, ni dai abin da aka loda mini shi na sauke. In an rage, can Damagaram aka rage. Kuma sawun bayan katanga kowa ya san na waye."

"Takalmin na Mamadu ne. Ƙafar ba tasa ba ce. Mamadu yana jan ƙafar hagu, wannan ba ya ja. Kuma ƙafar ta fi takalmin tsawo, dunduniya ta zarce ta taɓa ƙasa. A dunduniyar dama akwai tsohon tabo, tsaga a karkace, kamar wanda ya taɓa taka ƙarfe." Lado ya ɗaga sanda ya nuna jiƙaƙƙen yashin da ke gaban tabarma. "Ku takwas kuka tako nan ba takalmi. Hajiya, zo ki duba na huɗu."

Hajiya ta sunkuya. Tsagar tana nan a karkace, a fili kamar an zana. Ta bi sawun da ido har inda ya ƙare. Nassirou ya riga ya janye ƙafarsa ta dama ya cusa ƙarƙashin riga.

Lado ya kwance bakin rawani, ya aje ɓusasshiyar baƙar laka a kan tabarma. "Wannan daga ƙarƙashin kamiyonka. Daga Damagaram zuwa nan titi ne. Laka irin wannan sai fadama."

Mamadu ya miƙe da ƙyar, Yakura ta riƙe shi. Bai ɗaga murya ba.

"Nassirou. Kai ka ce in je Juma'a, ba kowa a gidan. Kai ka kai ni har ƙofar likita, ka ce in na fito in wuce masallaci, kada in yi sauri. Jiya da yau ina zaune ina ɓoye sunanka don kada a kore ka."

Nassirou bai iya kallonsa ba. "Baba Mamadu, wallahi ban yi zaton za ta kai ga jandarma ba. Na ce za a yi surutu a bari. Shekara tara ina jan motar wani, na so in sami tawa."

"Shi ya sa ka sa takalmina."

Hajiya ta katse su. Fuskarta ta canza, ba fushi ba ne kaɗai. "Wa ka ba? Ka gaya masa akwai magani a jiki?"

"Na ce masa na shuka ne."

"Na shuka! Wa zai sayi irin sata mai yawa haka don ya shuka? Wanke shi zai yi ya kai kasuwar iyaka gobe a matsayin waken ci. Mata za su saya su yi ƙosai su ba mutane. Kana so ka amsa laifin sata, ko kana so ka amsa laifin kisan rai?"

A nan dariyar Nassirou ta ƙare. Ya faɗi wurin: wata garka, wato lambu, a fadama, kan hanyar Mallawa, a cikin ɗakin da ake aje injin ban ruwa.

* * *

Hajiya ta kira jandarmomi, amma ba don wanda ta yi niyya ba. Suka isa garkar rana na gab da faɗuwa, Lado a gaban mota yana nuna inda kamiyon ya sauka daga hanya. Buhu talatin da bakwai suna nan a ɗinke. Uku an farke, an wanke, an baza a kan tamfol suna shan iska, jan ruwan wankin ya kwanta a kwari. Mai garkar ya yi ƙoƙarin tsallake shinge, aka riƙe shi. Ba su gama lodi ba yayyafi ya fara.

A hanyar dawowa Abdulhadi ya ce wa Hajiya ba zai rubuta sunan Mamadu a rahotonsa ba, kuma daga yau duk mai kiransa zai fara gaya masa cewa na'urar ba ta isa a kori mutum a kanta ba. Hajiya ta ce ya gaya wa wasu, ita ta riga ta ji.

Litinin da safe, lokacin da amalankai suka fara layi a ƙofar gidan iri, Hajiya Karima ba ta je biro ba. Ta tafi unguwar su Mamadu a ƙafa, ta bi ta gaban masu shayi, ta ce duk wanda ya kira shi ɓarawo ya taso ya raka ta. Wasu suka taso, wasu suka sunkuyar da kai. A ƙofar zaure ta tuɓe takalmi, ta durƙusa a gaban mai gadinta.

"Malam Mamadu, na ɗaura maka igiya a ƙirji a gaban yaran da ka girma, na yarda da allo na bar shekara goma sha ɗaya. Ka yafe mini. Ka dawo bakin aikinka."

Dattijon ya buɗe baki, Yakura ta riga shi.

"Hajiya, zai dawo, amma gadin rana, a inuwa. Kuma duk ranar likita zai tafi ta ƙofar gaba, kowa na gani."

"Na yarda."

Mamadu ya dubi 'yarsa, ya dubi Hajiya, ya dubi Lado da ke jingine da sanda yana jiran moton da zai mayar da shi Yekuwa.

"Ka gani, Bafulatani? Jiya ina da uwar ɗaki ɗaya, yau sun zama biyu." Ya miƙa wa Hajiya hannu alamar ta tashi. "Na yafe. Tashi mu je, manoma suna jira, ƙasa ta jiƙe."